Baƙar mace a gaban makaɗa tamanin: mene ne aikinta, kuma me ya sa irinta ba su da yawa?

Duk sanda bidiyon wata baƙar mace ya karaɗe wayoyi, tana tsaye kan ɗan dandamali ta juya wa 'yan kallo baya, da siririyar sanda a hannu, ga makaɗa wajen tamanin sun zuba mata ido, sai gardama ta kaure, daga Facebook har teburan masu shayi na Taminus da Bauchi Road a Jos. Wani ya ce rawa kawai take yi. Wani ya ce ko ta sauka ta tafi gida kiɗan ba zai tsaya ba, tunda kowa da takardarsa a gabansa. Wani kuma abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya daban ne: ta yaya a wannan zamani har yanzu ake cewa wance ce "baƙar mace ta farko" da ta yi kaza?

Tambayoyi biyu ne, amma amsar ta biyun tana cikin ta farkon. Sai an san yadda aikin yake, da yadda ake koyonsa, da wanda ke ba da shi, sannan za a gane inda ƙofa take rufewa.

Okestira da jagorarta

Okestira babbar ƙungiyar makaɗa ce ta kiɗan gargajiyar Turai, irin wanda ake rubutawa a takarda kafin a kaɗa. Cikakkiya takan kai mutum 80 zuwa 100, kuma gida huɗu ce. Masu goge su ne mafi yawa: biyolin na farko 16, na biyu 14, biyola 12, celo 10, sai manyan goge masu tsayin mutum guda 8, jimla 60. Bayansu masu busan katako: sarewa, kilarinet, basun, da obo, wadda 'yar uwar algaita ce don ita ma da tagwayen harshe ake busa ta. Sai masu busan tagulla, yawanci ƙaho 4, tiramfet 3, tirombon 3 da tuba ɗaya. Can ƙarshe masu ganguna, ciki har da timfani, wanda ƙirarsa ta yi kama da tambarin fada.

Wanda ke tsaye a gaba, kalmar da Turawan Ingila ke kiransa da ita ita ce wadda muka ara muka mayar "kwandasta", yaron mota. A nan za mu ce jagora. Mutumin Jos ya san ɗan uwan wannan aiki: shugaban 'yan badujala a ranar fareti a filin wasa na Rwang Pam, ko mai juya hannu a gaban mawaƙan coci ranar Lahadi.

Abin da sandar take faɗa

Dalilin farko na jagora ba na fasaha ba ne ma, na nisa ne. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan ɗaya. Idan faɗin dandamali mita 20 ne, mai ganga a wannan gefe zai ji mai goge na wancan gefe bayan kusan kashi ɗaya cikin 17 na sakan. A ido kamar ba komai. Amma a kiɗa mai bugu 120 a minti, inda ake raba kowane bugu gida huɗu, wannan jinkiri ya kusan rabin tsawon sauti guda. In kowa ya bi kunnensa, na baya zai jira na gaba, na gaba ya jira na baya, kiɗan ya dinga ja da baya har ya cakuɗe. Haske ba ya jinkiri irin wannan, shi ya sa ake bin hannu.

Hannun dama, mai sanda (tsawonta santimita 30 zuwa 40), shi ke zana lokaci. Bugu huɗu: ƙasa, hagu, dama, sama. Bugu uku: ƙasa, dama, sama. Mai tirombon da ya yi minti goma bai busa ba, da ya ɗaga ido ya ga inda sandar ta nufa, ya san inda ake. Hannun hagu na ƙarfi da laushi ne, da nuna wa wani rukuni cewa lokacin shigarsu ya yi, da tsinke sauti a ƙarshe. Ido da numfashi su ne sauran.

Abin da mai kallo ba ya lura da shi shi ne jagora ba ta bin kiɗan, gabansa take. Motsi mafi muhimmanci shi ne ɗaga sandar da ake yi kafin sautin farko ya fito. A cikin wannan ɗagawa ɗaya makaɗa za su karanta sauri, da ƙarfi, da yanayin abin da ke zuwa, masu busa kuma su ja numfashi tare da ita. In ta ɗaga da sauri ta sauke a hankali, mutum tamanin za su shiga ta ƙofa uku. Farkon simfoni (dogon kiɗan okestira) na biyar na Beethoven, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, wanda kusan kowa ya taɓa ji ko bai san sunansa ba, tarko ne sananne: a rubuce da ɗan shiru yake farawa, sannan gajerun sauti uku da dogo ɗaya. Dole jagora ta bugi shirun nan da ƙarfi, makaɗa su fito bayansa. In ta yi sanyi-sanyi, sai ka ji sauti ukun sun fito kamar ana zubar da tsakuwa a kan kwano.

Da can ma ba siririyar sanda ba ce. Jean-Baptiste Lully, makaɗin fadar Faransa, da doguwar sanda yake dukan ƙasa. A 1687 ya daki ƙafarsa da ita, ciwon ya ruɓe, ya zama ajalinsa.

Aikin da ba a gani

To, shin in ta sauka za su ci gaba? Ƙwararrun makaɗa, a kiɗan da suka saba, za su iya kai shi ƙarshe. Wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ake gani daren wasa ƙarshen aikin ne, ba shi ne aikin ba.

Kowane makaɗi layinsa kaɗai ke gabansa. Jagora ce ke riƙe da cikakken kundi, inda shafi ɗaya kan ɗauki layi 20 zuwa 30 a jere, duk suna tafiya lokaci guda. Kuma ba duk abin da aka rubuta ne ke fitowa yadda aka rubuta ba: kilarinet da aka fi amfani da ita tana fitar da sauti mataki ɗaya ƙasa da na takarda, ƙaho kuma mataki biyar in an ƙirga da na farko. A ka take yin wannan lissafi. Makonni, wani lokaci watanni, take yi tana nazarin kundin ita kaɗai, tana yanke shawara: nan a yi sauri kaza, nan obo ce za ta fito sauran su yi ƙasa, nan a ɗan tsaya.

Sannan bita. A manyan ƙungiyoyin Amurka yawanci zama huɗu ne kafin wasa, kowanne kimanin awa biyu da rabi har da hutu, kuma yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata ta kafa lokacin. In agogo ya cika, ya cika, ƙarin minti ƙarin kuɗi ne. A cikin awa goman nan za ta gyara kiɗan kusan awa ɗaya da rabi. Mai obo ya ba da sautin da ake daidaita kaya da shi (girgiza 440 a sakan, wasu ƙungiyoyin Turai 442 ko 443), shugaban masu goge ya zauna, ita kuma ta ɗaga hannu.

A nan ne sababbin jagorori ke faɗuwa, kuma hanyoyin faɗuwar sanannu ne. Akwai mai yawan surutu, ta tsayar da kiɗa ta yi bayanin minti uku a kan abin da hannu zai nuna a sakan ɗaya. Akwai mai tsayarwa ta ce "a sake" ba tare da ta faɗi abin da ya lalace ba. Makaɗa nan take za su gane ba ta ji ba. Akwai mai binne kai a kundi. Akwai mai ƙare lokaci a kashin farko, na ƙarshe ya tafi fili ba a taɓa shi ba. Gyara mai kyau gajere ne: "Ƙaho na biyu, a lamba ta 48, kun ɗan yi ƙasa. Daga 44." Makaɗan da suka yi shekara ashirin suna wannan aiki cikin 'yan mintuna suke auna baƙo. In suka yanke cewa ba su yarda da ita ba, ba za su yi rigima ba. Za su daina kallonta ne kawai, su koma bin izgar shugaban masu goge, ita kuma ta ci gaba da kaɗa iska.

Wato jarin jagora yarda ce. Ba ta fitar da sauti ko ɗaya da kanta.

Inda ƙofa take rufewa

Mai koyon biyolin zai kulle ɗaki ya yi awa shida yana gogawa. Jagora kayan kiɗanta mutum tamanin ne masu albashi. Ba za ta koya ba sai an ba ta su, kuma ba a ba da su sai ga wanda ya iya. A makarantun kiɗa ɗalibai sukan yi yawancin darasi ne a gaban fiyano biyu. Kwasa-kwasan bazara kuwa kuɗi ake biya, ga jirgi ga masauki, don a sami 'yan mintuna a gaban makaɗa na gaske. Bayan haka sai gasa, kamar ta Besançon a Faransa da aka fara a 1951, wadda ke da iyakar shekaru, sai aikin mataimaki, inda za ka haddace kundi duka ka zauna a kujerar 'yan kallo ko Allah zai sa maigida ya kasa zuwa. Kowane mataki sai wani babba ya ce "ga yarona". Wanda bai taso a gidan da ake biyan kuɗin darasin fiyano tun yana shekara biyar ba, da ratar shekaru yake shiga layi.

Ga babban bambancin. Makaɗa a bayan labule ake gwada su. Okestirar Boston ta fara gwada hakan a 1952, ya yaɗu a shekarun 1970 da 1980. Har kafet ake shimfiɗawa don kada ƙarar takalmi ta tona cewa mace ce. Binciken Claudia Goldin da Cecilia Rouse na 2000 ya nuna mata a manyan okestirori biyar na Amurka sun tashi daga kusan kashi 6 cikin 100 a 1970 zuwa kashi 21 a 1993, ko da yake masana lissafi sun yi ta gardama daga baya kan nawa ne rabon labulen a wannan ƙari. Jagora fa? Ba a iya sa ta a bayan labule, tunda aikin nata a gan ta ne. Ko takardar neman shiga gasa da bidiyo ake haɗawa, kuma kyamarar daga bayan makaɗa ake kafa ta tana fuskantar jagora. Kafin alƙali ya ji sauti ɗaya, ya riga ya ga fuska.

Kuma ba makaɗa kaɗai ke zaɓa ba. A Amurka kuɗin tikiti ba ya riƙe okestira, sai da gudummawar attajirai. Babban jagora shi ne fuskar da ake bugawa a allon talla, shi ke cin abinci da masu bayarwa. Kwamitin zaɓe, ko bai faɗa ba, yana tambayar kansa ko masu kuɗin za su ga "maigida" a wannan mutum. Hoton da ke kansu kuwa tun ƙarni na 19 ɗaya ne: dattijon Bature mai furfura.

Baƙar mace katanga biyu take haurawa. Ta mata: okestirar Berlin Philharmonic ba ta ɗauki mace makaɗiya ba sai 1982, Vienna Philharmonic sai 1997, kuma sai 2007 mace ta fara shugabantar babbar okestira a Amurka, wato Marin Alsop a Baltimore. Ta launi: Dean Dixon ya jagoranci New York Philharmonic a 1941 amma bai sami kujera a ƙasarsa ba, ya bar ta a 1949, ya yi shugabanci a Suwidin da Jamus da Ostireliya. Ƙididdigar haɗaɗɗiyar ƙungiyar okestirorin Amurka ta ce baƙaƙe kashi 1.8 ne na makaɗa a 2014, kashi 2.4 a 2023. Daga wannan ɗan tafkin ake kamun jagorori.

Baƙa, kuma kullum baƙuwa

Ba sababbin shiga ba ne. Avril Coleridge-Taylor, wadda kakanta likita ne ɗan Saliyo, ta jagoranci makaɗa a Royal Albert Hall na Landan a 1933. Ta je Afirka ta Kudu a 1952, da hukuma ta gano tana da jinin baƙi sai aiki ya yanke mata. Margaret Harris, haifaffiyar Shikago a 1943, tana shekara 10 ta kaɗa fiyano tare da okestirar birnin. Ta fara jagoranci a gidajen wasan Broadway na New York a 1970, daga nan ta tsaya gaban okestirorin Shikago da Los Angeles da wasu da dama, amma a matsayin baƙuwar mako guda. Kay George Roberts ta zama mace ta farko da ta sami digirin dakta a jagorancin okestira daga Jami'ar Yale a 1986, ta yi yawancin rayuwar aikinta tana koyarwa. Tania León, 'yar Kuba da ta isa New York a 1967, ta hanyar rawa ta shigo: ita ce shugabar kiɗa ta farko ta ƙungiyar rawa ta Dance Theatre of Harlem. Ta rubuta opera, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa, a kan wani wasan Wole Soyinka, aka nuna a Munich a 1994, kuma ta ci kyautar Pulitzer a 2021, amma a matsayin mai tsara kiɗa.

Labarin Jeri Lynne Johnson shi ya fi fito da abin fili. A 2005 ta ci tallafin Taki Concordia da Alsop ta kafa don mata jagorori. Ta nemi kujerar shugabanci, ta kai matakin ƙarshe, ba a ɗauke ta ba. Ita da kanta ta sha ba da labarin cewa da ta nemi dalili, wani ɗan kwamiti ya yaba aikinta, sannan ya ce ba ta yi kama da wanda masu sauraronsu ke tsammanin gani a kan dandamali ba. A 2008 ta kafa tata ƙungiyar, Black Pearl Chamber Orchestra, a Filadelfiya. Abin da ake yawan mantawa shi ne tsadar wannan mafita: mai kafa ƙungiya ita ce mai neman tallafi, mai hayar zaure, mai biyan albashi, kuma lokacin da za ta ba kundi ya tafi wajen cike takardu.

Irin wannan hanya Chi-chi Nwanoku ta bi a Ingila, ko da yake ita mai babban goge ce, ba jagora ba. Mahaifinta Ibo ne, mahaifiyarta 'yar Ailan, kuma a 2015 ta kafa Chineke!, okestirar da yawancin makaɗanta baƙaƙe ne da 'yan tsirarun ƙabilu. A gaban wannan ƙungiya Kalena Bovell ta tsaya a bikin kiɗa na BBC Proms na 2021 a Landan. Sai Glass Marcano 'yar Benezuwela, wadda ta taso a shirin koyar da yara kiɗa kyauta na ƙasarta, El Sistema. Da sayar da kayan marmari ta tara Yuro 150 na shiga gasar La Maestra ta mata zalla a Paris a 2020. Ba ita ta zo ta ɗaya ba, amma kyautar da makaɗan da kansu ke bayarwa ita suka ba. Ga wanda ya fahimci abin da muka faɗa kan yarda, wannan ba ƙaramar kyauta ba ce.

Har yau manyan okestirori biyar na Amurka, na New York, Boston, Shikago, Filadelfiya da Cleveland, babu wadda ta taɓa naɗa mace babbar jagora, kowane launi ne da ita.

Inda ake saɓani

Wani ɓangare na cewa a bar cancanta ta yi aikinta. Gasar mata zalla da tallafin baƙaƙe zalla suna sa a riƙa zargin wadda ta ci cewa alfarma aka yi mata. Ɗaya ɓangaren na cewa cancanta a wannan sana'a da awannin tsayuwa gaban makaɗa ake gina ta, kuma wanda aka hana awannin ba a isa a ce bai cancanta ba. A 2020 babban mai sharhin kiɗa na jaridar New York Times, Anthony Tommasini, ya kai ga cewa a cire labulen gwaji ma gaba ɗaya don a iya duba launi, makaɗa da yawa, har da baƙaƙe, suka ƙi.

A ganinmu ɓangare na biyu ya fi kusa da gaskiya, amma akwai ƙorafi na uku da ya fi su duka nauyi, kuma daga bakin jagororin yake fitowa. Tun 2020, bayan kisan George Floyd, gayyata ta ƙaru. Sai dai wace iri? A kira ki a watan Fabrairu, watan tarihin baƙaƙe a Amurka, ki jagoranci kiɗan Florence Price, baƙar macen da okestirar Shikago ta kaɗa simfoninta a 1933. Kiɗa ne mai kyau. Amma kwamitin da zai ba da kujera da kiɗan manyan masu tsara kiɗa na Turai irin su Brahms da Mahler yake auna mutum. Wadda ba a taɓa ba ta su ba, sunanta ba ya shiga jerin, komai yawan tafin da ta sha a Fabrairu.

A gida kuma akwai masu cewa kiɗan Turawa ne, ina ruwanmu. Ayo Bankole, ɗaya daga manyan masu tsara irin wannan kiɗa a Nijeriya, a Jos aka haife shi a 1935. Fela Sowande ya ɗauki waƙoƙin Afirka ta Yamma ya rubuta wa masu goge. Mace a gaban makaɗa ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa: Barmani Choge ta yi shekaru tana jan ƙungiyar amada, kuma kowace zumuntar mata a Filato tana da mai ba da waƙa da sauran ke amsawa.

Ga yarinyar da ke Jos

Abin da Jos ke da shi da yawa shi ne mawaƙan coci, da ƙungiyoyin busan tagulla na matasa, da badujalar soja da ta 'yan sanda. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu goge da malamansu, kuma su ne kashi biyu cikin uku na okestira. Karatun wannan fanni ya fi ƙarfi a kudu: cibiyar MUSON da aka kafa a Legas a 1983 tana da makarantar difloma, Jami'ar Nsukka kuma tana da sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960.

Gibin farko da za ta cike na rubutu ne. Yawancin mawaƙanmu da do-re-mi suke karatu, kundin okestira kuwa da rubutun layi biyar yake, kuma babu hanyar kauce masa. Sai fiyano, gwargwadon da za ta iya kaɗa layi huɗu lokaci guda. Sai kayan goge ɗaya, ko da ba za ta ƙware ba, don ta san abin da take nema in ta ce a sauya jan izga. Mawaƙa arba'in na cocinta awanni ne na tsayuwa a gaba da ɗalibai da yawa a Turai ke biya su samu, amma da sharaɗi: mawaƙa sukan saba da hannu mai zana kalmomin waƙa, makaɗa kuwa bugu suke nema, don haka tun farko ta tilasta wa kanta ƙasa, hagu, dama, sama. In ta tara masu goge 12 zuwa 15, ta sami ƙaramar okestira. Ta kafa waya a bayansu tana fuskantarta, ta ɗauki bita, ba wasa kaɗai ba, don masu tantancewa suna son ganin yadda take gyara.

Sai yanayin garin. Kayan goge sun fi son danshin iska na kashi 40 zuwa 60 cikin 100, hunturun Jos kuwa yana busar da katako har maƙullan tsirkiya su saki, gam ɗin gefe ya buɗe. Ɗan soso mai laima a cikin robar da aka huda, a ajiye a akwatin gogen ba tare da ya taɓa katakon ba, yana rage ɓarnar. Sanyi kuma yana sa kayan busa su yi ƙasa, na tsirkiya su ɗan yi sama, ƙungiya ta rabu biyu. A bitar safiyar Disamba sai masu busa sun yi minti goma suna hura ɗumi a kayansu kafin a daidaita sauti, sannan a sake daidaitawa bayan kashin farko, lokacin da ɗakin ya ɗumama.